Ruwan da Inna Ta Tono

Ranar Laraba ce, tsakiyar bazara. Ƙarfe bakwai na safe ina tatsar akuya, maigidana yana bakin rijiya yana shayar da shanu. Shekararmu tara a wannan ruga ta kusa da Burumburum. Daga arewa muka yi ƙaura, bayan rairayi ya binne gonarmu, rijiyoyi suka ƙafe.

Bakwai da rabi na ji ƙugin babura. Sai harbi, uku a jere, daga wajen rijiya.

Ɓarayin shanu ne. Ɗayansu ya daka tsawa: "Kowa ya kwanta! Ku kora shanun!"

Na hango maigidana a ƙasa, igiyar guga a hannunsa. Ko sanda bai ɗaga ba. Da ruwa suka roƙa, da kansa zai ɗebo musu.

Surukata, Inna Dije, ta fizgi hannuna. "Goya yarinyar nan, mu tafi!" Na goya ɗiyata Hauwa, 'yar wata goma. Muka faɗa daji, ko buta babu.

Ƙarfe goma ƙasa ta fara ƙona mana ƙafa. Inna ta tsayar da mu. A bakin hamada ta girma, ta san mai gudu da tsakar rana ƙishirwa ke riga maƙiyi kashe shi. Muka lafe a gindin aduwa muna tsotsar 'ya'yanta. Can baya hayaƙin bukkokinmu yana tashi. Da azahar nonona ya ƙafe. Hauwa ta daina ko kuka.

Da la'asar muka iso wani busasshen rafi. Inna ta bi lanƙwasarsa, idonta a ƙasa, har inda ƙudan zuma suka taru a kan yashi. Ta durƙusa tana tono da hannu. Kamu biyu, yashi ya yi danshi. Ruwa ya tsatso, ja, kaɗan-kaɗan. Ta jiƙa bakin zanenta tana matsa wa Hauwa a baki, sannan ni. Ta ce ita ta riga ta sha. Ba ta sha ba.

Washegari da hantsi masu saran itace suka tsince mu, suka kai mu ƙauyensu. Inna ta cika ranar Juma'a, kafin a kira salla.

Jami'an tsaro sai Asabar suka isa rugar. Suka ɗauki hoton toka, suka juya. Har yau ba a kama kowa ba. Shanunmu kuwa wani ya saye su a kasuwa, ido na ganin ido, bai tambayi na wane ne ba.

Maƙwabta ne suka binne maigidana. Ban ga fuskarsa ba. Mu huɗu ne a gidan. Yanzu daga ni sai Hauwa.