Na Bar Ƙafar Tsoho Na Tafi Sharar Coci

Har yau ban manta da wata Asabar ta watan Disamba ba, shekarata ta biyu ina majo, wato shugabar ma'aikata, a wani ƙaramin asibitin ƙauye tsakanin Dogarawa da Konni. Ni kaɗai ce Kirista a wurin. A cocinmu, makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti lokacin tuba ne, kuma duk Asabar manya ke share coci da hannunsu don ƙanƙan da kai. Ranar layina ne na shara. Gaskiya, ina son a ga majo riƙe da tsintsiya.

Wajen la'asar, na riga na tuɓe farar riga, sai ga amalanke daga wajen Alela ɗauke da wani tsoho, Baba Nomau. Kututturen gero ya soke shi a ƙafa, ta kumbura har tana wari. Ƙa'ida ita ce in buɗe ciwon da kaina, in ya fi ƙarfinmu in tura shi babban asibiti nan take. Ko tsugunawa ban yi ba. Na ce wa Malam Idi, dattijon da ke mana shara, ya wanke ya ɗaure, sai Litinin.

"Majo, ni hwa ban iya ba," in ji shi.

"Ruwa da bandeji ne kawai," na ce, na haye kabu-kabu.

Na share coci tas, ana ta yaba mini.

Ran Litinin na kwance bandejin, na tarar yatsu biyu sun yi baƙi. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, Idi ya ce wurin ibada kinka tahi. Allah shi karɓa. Kin dai sa ni cikin addu'a ko?"

Kunya ta rufe ni. Ko sunansa ban tuna ba a cocin.

Na raka shi Konni, aka yanke yatsun, ƙafar dai ta tsira da ƙyar. Da likita ya tambayi dalilin jinkiri, na ce ni ce, kada a taɓa Malam Idi. Da aka sallamo tsohon, ni na riƙa wanke ciwon kullum, a tsugune, har ya warke.

Ku ƙannena a aikin nan, duk mai ibadarsa ya yi. Amma in an kawo maras lafiya, ku fara tsugunawa ku duba. Baba Nomau ya mutu yana ɗingishi, bai taɓa zargina ba, kuma wannan ya fi mini zafi.