Yatsun Kakana a Wuyana

Jiya wanzami a unguwar Bani Malik ta Jidda ya dafa min wuya, na zabura har ya kusa yanka ni. Sai na tuna kakana, da yatsunsa masu kaushi da warin taba.

A zangon Kumasi ya tashi, lokacin da Turawa ke farautar ciwon barci a ƙasar Asante. Sukan jera 'yan arewa a rana suna laluba wuyansu, wanda aka ji masa kaluluwa sai sansani. Haka aka tafi da ƙanensa, ko gawarsa ba su gani ba. Da wannan tsoron ya zo Jidda, unguwar Hindawiyya. Kullum sai ya matse mana wuya kafin mu karya.

Wata safiya ya ji kumburi ƙarƙashin kunnena, ga zazzaɓi. Ya kulle ni a ɗakin kaya mai zafi kamar tanderu.

Uwata ta durƙusa tana kuka. "Baba, nan Jidda ce fa! Ina tsando a nan? Bari in kai shi mustashfa, likita ya duba shi."

"Ki kai shi su riƙe shi? Halas, magana ta ƙare, rufe min baki."

In na gyangyaɗa sai ya tsula min carbi, wai kada barcin ya tafi da ni. Sai da ya tafi umra ta kai ni wurin likita. Ciwon kunne ne kawai, amma an makara. Har yau ba na ji da na hagu.

Dangi sun ce so ne. Su kunnuwansu biyu. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya fi wancan ɗakin sanyi. Iyakar abin da bakina zai iya ke nan.