Takalmin Kawu da Cin Ruwan da Ya Kusa Raba Ni da Aiki

Daminar farko da na yi ina masinja a Wudil, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ba ni da abin taƙama sai ƙafa. Karatu kam allo na bari a Izu biyu, boko kuwa ko ƙofarsa ban leƙa ba. Wakilin hakimi zai miƙo takarda, in kai Kausani ko Indabo in dawo, ban san abin da ke ciki ba, ban kuma taɓa makara ba.

Sai kawuna, tsohon soja, ya ba ni takalminsa sau-ciki, mai igiya har ƙauri. To fa! Duk garin wa ke da irinsa? In na ratsa kasuwa ranar Juma'a har ƙara buga ƙasa nake don a ji. Ba na cire shi sai zan yi alwala, kuma da na sallame zan zura ƙafar da danshinta, don kada wani ya gan ni ba shi. Ga taɓon hanya, ga gumi.

Ƙaiƙayi ya fara a tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Wajen ya yi fari fat, ya saɓule, ya tsage. Wari kuwa, a masallaci sahu ya riƙa yi mini faɗi. Na zuba toka, na goga kanwa, har kananzir na ɗiga, na yi rawar da ba makaɗi. Sau biyu ina kai takarda bayan la'asar ina ɗingishi. Wakili ya ce, "Kai, ƙafarka muka ɗauka aiki, ba takalmi ba. Ka sake makara, akwai masu jira."

Na tafi ɗakin shan magani. Malamin asibitin ya sa na kwance igiya, ya ja da baya.

"Malam Masinja, gawa ka ɓoye a ciki?"

"Ranka ya daɗe, sammu ne. An ga na yi takalmi."

"Kai ka yi wa kanka. Cin ruwa ne. Irin fumfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu a rufe, danginta ne ke cin fatarka. Danshi take so da ɗumi, kai kuma ka gina mata ɗaki."

Ya shafa mini wani shuɗin magani, ya ba ni na shafawa a gwangwani. Ya ce in wanke da sabulu, in goge tsakanin yatsu da tsumma ɗaya bayan ɗaya bayan kowace alwala, tsumman kada in ara wa kowa, takalmi ya sha rana, kuma ko ƙaiƙayi ya daina kada in bar maganin sai ya ƙare.

Bayan kwana huɗu aka ba ni takardar Indabo, a kai kafin azahar. Takalmin nan dai ban iya barinsa a gida ba. Na ɗaure igiyoyin na rataya shi a wuya, na sa takalmin fade, yatsu shuɗaye a waje. Masunta a bakin kogi suka hango ni.

"Amarya, wa ya ƙunsa miki lalle shuɗi?"

"Masinja, wuyan ne ke tafiya yau?"

Na ce, "Ku dai duba yatsunku, na ga masu soshe-soshe a cikinku."

Na isa Indabo liman bai ko fito ba. Da na dawo wakili ya dubi ƙafata, ya dubi wuyana, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce gobe Kausani.

Aikin nan ban bar shi ba sai da gwiwa ta gaza. Biyu daga cikin masuntan kuwa a ɓoye suka zo tambayar yadda na yi, ni da ban iya rubuta sunana ba na zaunar da su na koya musu goge yatsu. Har yau akwai tsumma a aljihuna, kuma nawa ne ni kaɗai.