Ranar da Rahama ta zaɓi sha biyu

"Shekararta nawa?" in ji mai sayar da tikitin jirgin ruwan shaƙatawa.

A iƙama, katin izinin zamanmu a ƙasar Larabawa, da lissafin Hijira, 'yata Rahama ta cika sha uku, sai kuɗin manya da ɓangaren matasa. A fasfo kuwa sha biyu ce, rabin kuɗi da ɗakin yara. Ya ce mu zaɓa.

Yarinyar da ta ishe mu da "na girma" ta dubi ƙaninta Anas, mai tsoron teku, da za a kai ɗakin yara.

"Sha biyu, ya ammi. Halas," ta ce wa mai tikitin, wato "baffa, shi ke nan" da Larabci.

Na ce, "Matasan naki fa?"

"Umma, wa zai riƙe hannun wannan matsoracin?"

Babansu yana murnar rangwame, ni ina laluben tishu. Ku yaushe kuka gane naku sun girma?