Kawu Bai Koma Ko'ina Ba

Jiya a unguwar Ndokoti, nan kudancin ƙasar, wani ɗan acaba ya ce min, "Bahaushiya, koma Arewa!" Sai na ji kamar ƙanshin turaren Kawu ya bugi hancina.

Kawu, yayan mahaifiyata, minista ne, mutumin gwamnati har ɓargo, ba ya son canji ko na wurin ajiye buta. A ofis Faransanci yake yi tsantsa, amma da ya shigo unguwarmu ta New Bell, ko gwamna ne ya ce masa bonjur, "Lafiya lau" zai samu.

Shekarun baya, lokacin da aka rufe gari da yajin aiki, ya ɗauko ni daga asibiti da jaririyata. A bakin unguwa masu zanga-zanga suka tare motar, hayaƙin taya ya turnuƙe. Suna dukan gilashi, suna ihu da Faransanci ya koma Arewa. Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, mu juya."

Kawu ya buɗe ƙofa, ya saɓa babbar rigarsa, ya karɓi jaririyar daga hannuna.

"Wace Arewa?" ya ce musu da Hausa. "Cibiyata a bayan masallacin can take. Ta wannan ma can za mu kai."

Ya ratsa su a ƙafa, ina biye da shi.

Siyasarsa ban taɓa sonta ba, kuma na sha faɗa masa. Amma jiya amsarsa na ba ɗan acaban, da Hausa.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, a ƙasar nan da ka ƙi bari.