Moɗar da Ke Kan Randata

Kuturta ta ci min yatsu bakwai kafin magani ya tsayar da ita. Na warke, likita ma ya faɗa, amma unguwa ba ta yarda ba. Ɗakina yana gindin Goron Dutse, aikina gadin famfon unguwa. Daga nesa ake gaishe ni. Shekara da shekaru ba wanda ya sha ruwa a moɗata.

Wata Alhamis da hantsi wata malamar jami'a ta zo da ɗalibai uku. Ba yara ba ne, ɗaya har da furfura a gemu. Ta ce digiri na uku suke yi a kan mutanen da jama'a ta ware, ita kuma tana koya musu yadda ake tambayar mutane. Na shimfiɗa tabarma. Na rungumo moɗa da hannu biyu na ajiye a gabansu, don baƙo da ruwa ake tarbarsa. Malamar ta ce azumi take. Cikin ɗaliban ba wanda ya taɓa moɗar.

Ɗaya ya buɗe takarda. "Baba, mutane suna ƙyamarka? Sosai, ko kaɗan, ko babu?"

Na dubi moɗar. Ƙuda ya sauka a bakinta.

Na ce, "Rubuta wanda ya fi maka sauƙi."

Malamar ta miƙa hannu ta rufe masa takardar. Ta ce, "Ku tashi mu tafi. Amsar tana gabanku, ba ku gan ta ba."

Bayan sati mai furfurar ya dawo shi kaɗai. Babarbare ne, gidansu wajen Ƙofar Nassarawa. Na kawo ruwa. Ya yi bismillah, ya shanye tas.

Na ce, "Malamarku ce ta ce ka sha?"

"Ita ce, Baba."

"To, ka ci jarrabawa."

Ya yi dariya. "Wallahi ya fi na firjin gidanmu sanyi."

"Har da ƙarya ake koya muku?"

Daga nan duk Asabar yana zuwa da rikodarsa. Da farko tambayarsa irin ta ɗan sanda ce, kafin in rufe baki ya jefo wata. Na ce masa, "Malam, in kana son tulu ya cika, bar girgiza famfo." A hankali ya koyi yin shiru. A cikin shirun nan na gaya masa yadda matata ta kwashe kayanta. Na gaya masa ranar sunan ɗan ƙanena, da aka miƙo min tuwo ta bayan katanga, ina gama ci na ji an jefa kwanon a bola. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Duk zuwa sai ya sha. Abin da ban sani ba shi ne, don ni yake sha ko don littafinsa.

Ranar da ya zo sallama babu rikoda. Ya ce ya gama, an karɓi aikin. Mota tana jiransa a bakin titi. Ranar ban kawo ruwa ba, da gangan. Ya yi godiya mai yawa, ya miƙe, ya sa takalmi. Na ce a raina, shi ke nan, na samu amsata.

Ya kai bakin ƙofa sai ya juyo. "Baba, yau rowa ake yi?"

Ya je randa da kansa, ya ɗeba, ya sha a tsugune, ya kife moɗar a kan murfi. Ya fita.

Ban sake ganinsa ba. An ce ya samu koyarwa a wani gari. Ni ina nan gindin dutse, ina gadin famfo. Tun ranar, ni kaɗai nake sha a moɗar.