Tulun Waken Malama Rahila

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Malama Rahila. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, kuma hannuna ba ya sauri, don sai da na haifi 'ya'ya huɗu kafin na riƙe alƙalami. Ita ce ta koya mini. Shi ya sa na ga gara abin da zan faɗa a kanta ya fito daga hannuna.

Kirista ce, mutuniyar ƙasar Zuru. Ta fara zuwa ƙauyenmu, gabas da Rara, tare da 'yan mishan masu rabon magani. Sauran suka yi kwana biyu suka koma, ita kuwa ta riƙa dawowa kowace shekara, babu mai biyan ta, har mijina ya ba ta ɗaki a gidanmu. Mutane sun yi surutu. Wasu suka ce addini ta zo canja mana. Liman ya ce a zuba ido, a bar hali ya yi magana. Ba ta taɓa ɓoye littafinta ba, ba ta kuma taɓa cin abinci a gabanmu da azumi ba. Idan na tsaya salla, ita ke goya mini yaro.

Shekarar da gulbin Rima ya yi ambaliya, yunwa ta sa muka cinye komai, har irin shuka. Da damina ta zagayo, gonaki suka yi ta jira babu abin zubawa. Rahila ta zo da wani wake mai saurin nuna, ta raba wa mata, ba maza ba. Ta ce namiji in ya ga ranar kasuwar Goronyo ta zo, iri ma kaya ne. Muka yi dariya, mazan ma suka yi, don sun san gaskiya ce. Ta koya mana mu gauraya waken da toka, mu zuba a tulu, mu liƙe bakin da laka. Ta kafa mana doka guda: ko mi ya faru, ba a cin iri. Waken ya karɓi ƙasarmu, har aka daina tambayar sunansa na asali. Ɗan Rahila kawai ake cewa.

Amai da gudawa ne ya kashe ta. Ta kamu da shi wajen jinyar yaranmu. A amalanke aka kai ta Rabah, ba ta kwana biyu ba. Danginta suka ɗauke gawar, mu matan ƙauye ko kabarinta ba mu sani ba. Na rasa kalmar gaisuwa da zan faɗa wa ƙanwarta, sai na riƙe hannunta kawai. Har yau na bar lamarinta ga Allah da Ya halicce ta, Shi ne masanin bayinSa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yadda muke yanzu. Ƙauyen da ta sani babu kowa cikinsa. Shekara uku ke nan 'yan bindiga sun tashe mu. Ɗana Bello, wanda ta sha goyawa, a gona suka same shi yana huɗa. Ba zan ce komai a kan wannan ba. Mun gudo Wurno, muna zaune a wani kango da matarsa A'i da 'yarsu Nana. Ranar gudun, wasu mata sun ɗauko tabarma, wasu tukunya. Ni tulun iri na ɗora a ka.

Damina uku ta wuce ina kallon tulun a kusurwa. Masu aikin sa kai irin nata sun daina shiga ƙauyuka, kuma ban ga laifinsu ba, hanyar ba ta biyuwa. Matan garinmu ɗaya bayan ɗaya sun fasa nasu tulunan. Ni na ƙi. Ina ganin ranar da na fasa shi, ranar na yarda ba za mu koma gida ba.

Watan jiya gashin Nana ya fara ja, ƙafafunta suka kumbura. Na san wannan alamar, don Rahila ce ta nuna mini ita a jikin 'ya'yan wasu. Wata safiya A'i ta durƙusa gabana. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba.

"Inna, mi muka jira? Ɗiyag ga tun jiya ruwan kunu ɗai tas sha."

Na ce mata iri ne.

"Na sani, Inna. To wa za shi shuka shi? Bello?"

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, amma ba a faɗi ko ƙaramar yarinya za ta iya jiran dutsen ya nuna ba. Na ɗauko taɓarya na bugi lakar bakin tulun. Toka ta tashi ta shiga idona, na gode mata, don ta rufa mini asiri gaban surukata.

Mun ci waken kwana goma sha ɗaya. Kumburin Nana ya ɗan sauka, amma bai tafi ba, kuma tulun yanzu iska ce a ciki. In ruwa ya zube ya bar tulu ya yi kyau, in ji masu magana. Ni ban san me zan yi da tulu ba.

Ban san ko Rahila za ta ce na karya doka ba. Wani lokaci ina jin za ta yi faɗa. Wani lokaci kuma ina tuna cewa macen da ta mutu wajen wanke zawon 'ya'yan da ba nata ba, ba za ta zaɓi wake ta bar yarinya ba. Babu wanda zan tambaya.

Abin da na yi shi ne, kafin a ɗora tukunya na ƙulle cikin tafi ɗaya a bakin zanena. Na shuka a wani fasasshen bokiti a bayan kango. Iri ya tsufa, ƙwaya biyar kaɗai suka tsiro, akuyar maƙwabta ta cinye ɗaya. Saura huɗu, na kewaye su da ƙaya.

Ga masu karatu, ba sadaka na zo roƙo ba, ko da yake muna bukata. Hanyar gona muke roƙo. Mu manoma ne, mun san abin da za mu yi da ƙasa idan aka bar mu muka taka ta.

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na Malama Rahila, abin da ya rage a hannuna shi ne wannan rubutun da tsiro huɗu a bokiti. Jiya ɗaya ya fitar da fure. Na ɗauko Nana na nuna mata, na faɗa mata sunansa. Ta miƙa hannu za ta tsinke ta kai baki, na riƙe hannun.